Reshen Pawlina

Abu ɗaya 'yata Charmaine ta roƙe ni a wayar da ta yi mini farkon watan Agusta. Ta ce kada in taɓa reshen mamanta har sai ta zo.

Wayar farko ke nan da ta yi mini da kanta cikin wata takwas. Ina tsaye a kicin da kayan aiki a jikina, dawowata ke nan daga siton da nake tuƙa motar ɗaga kaya a Laverton. Da na ga sunanta sai da na nemi kujera, don na ɗauka wani abu ya sami cikin da take ɗauke da shi. Watansa shida a lokacin, kuma biyu sun zube mata kafin shi. Ni kuwa tun tana ƙarama haka nake, in ta yi tari sau biyu na fara laluben makullin mota.

Ashe lafiyarta ƙalau. Ita da mijinta Declan sun gama gyara filin bayan gidansu a Geelong, ta sayi ɗan dashen lemo a tukunya. Tana so ta zo ranar Lahadin farko ta Satumba, ranar da 'ya'ya ke ziyartar ubanninsu, ta yanki 'yan sanduna daga reshen, ta yi wa dashen nata aure da su. Ta ce tana so ɗan da za ta haifa ya tashi ya tarar da lemon kakarsa a gidansu.

Na ce mata to. Na ce zan dafa mata zomo da taliya yadda take so. Ta ce kada in wahalar da kaina, ba daɗewa za su yi ba.

Pawlina matata ce, shekara biyu ke nan da rasuwarta. A bayan gidanmu a St Albans akwai tsohuwar bishiyar lemun tsami, kamar yadda take a kusan kowane gida a layinmu. Amma tamu tana da reshe ɗaya da ba nata ba. Mahaifin Pawlina yana da lemun zaƙi mai jan ciki a gidansa na Sunshine, wanda yakan rantse cewa a cikin safa ya shigo da sandarsa daga Malta. Da tsohon ya mutu aka sayar da gidan, aka rushe, aka gina huɗu a filin. Kafin a kawo motar rusau Pawlina ta je ta yanko sanda ɗaya, ta ɗaura wa bishiyarmu. A bazarar ƙarshe ke nan da ta iya hawa tsani. Charmaine ce ta riƙe mata tsanin. Ni ina ƙofar gida ina yankan ciyawa.

Haka muka raba aiki shekara talatin. Bishiyoyi da furanni da tumatir nata ne, ciyawa tawa ce. Ban taɓa ganin laifin wannan rabo ba sai da ta tafi.

Abin da ya shiga tsakanina da Charmaine kuwa, ni na jawo shi. Ba na iya zama da baƙin ciki, sai hannuna ya nemi abin yi. Bayan an yi addu'ar cikar shekara, wata Asabar na buɗe ɗakin kayan Pawlina, na kwashe riguna da takalma da jakunkuna na kai shagon sadaka na coci. Ban tambayi kowa ba. Da Charmaine ta zo ta tarar da ɗakin wayam, ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambaye ni rigar sanyin nan shuɗiya da uwarta ta saƙa, na ce ta tafi da sauran. Ta koma motarta ta zauna kusan awa guda, sannan ta tafi. Daga nan sai gajeren saƙo, in na kira ta ce tana wurin aiki.

Saboda haka da ta ce za ta zo, na ɗauki abin kamar za a zo duba ni ne. Na ce sai ta tarar da lambun gidan nan kamar uwarta na nan. Na bi ciyawa da manjagara na kakkaɓe matacciyar da hunturu ya bari. Na durƙusa da tsohuwar wuƙa na tone tsidau ɗaya bayan ɗaya kafin ya yi ƙaya. Na wasa bakin injin yanka, na canja masa mai, na watsa takin kashin kaji har maƙwabta suka rufe tagoginsu. A nan Agusta ƙarshen hunturu ne, sanyi bai gama tafiya ba, da safe raɓa na daskarewa a gilashin mota, amma tsuntsayen nan baƙi da fari sun fara kai wa masu keke sara a ka, kowa ya san bazara ta matso.

Bishiyar lemon kaɗai na bari. Ita kuma ita ce ta fi buƙatar hannu.

Duk mai lemo a wannan gari ya san ɗan ƙwaron nan da ke huda ɗanyen reshe ya zuba ƙwai. Wurin sai ya kumbura ya yi ƙullutu, 'ya'yan na ciki suna ci duk hunturu, ɗumi na shigowa su fashe su fito su bi bishiyoyin unguwa. Dole a datse ƙullutun kafin Agusta ya ƙare. Ba a zuba shi a kwandon ganye, ba a sa shi a taki. A baƙar leda ake ɗaure shi, a bar shi a rana ya dahu, sannan a jefa a kwandon shara mai jan murfi. Pawlina ke yin wannan kowace shekara. Tun da ta kwanta ciwo ba wanda ya yi, bishiyar ta cika da ƙullutu kamar an rataya mata dankali.

Maƙwabcina Blagoja ba ya barin abu ya wuce. Tsohon ɗan Masedoniya ne, ya kusa tamanin, yana da lemo biyar da inabi da bakin da ba ya hutawa. Kullum in ina durƙushe a ciyawa sai ya ɗora haɓarsa a kan shinge.

"Sarkin ciyawa, barka da kiwo," in ji shi wata safiya. "Yaushe dabbobin naka za su haihu? In sani, in yi wa nawa lemon wasiyya."

Na ce masa ya kula da inabinsa da ko tsuntsu ba ya sata. Ya yi dariya, amma ya ce da gaske yake, saura kwana goma sha biyu Agusta ya ƙare, kuma bara ma daga wajena ƙwarin suka hauro masa. Ya ce in ina tsoron tsani ne in faɗa, ya turo matarsa.

Maganar ta tsaya mini a rai kwana biyu. Charmaine ba ta ce kada in taɓa bishiya ba, reshe ta ce. In ta zo ta ga bishiyar uwarta ta lalace haka, me za ta ce? In ƙwarin suka fito suka shiga reshen da kansa fa? In ta ɗauki sanda mai ƙwai a ciki ta kai Geelong? Da wannan nake tashi, da shi nake tuƙi a wurin aiki.

Matsalar ita ce ban tabbatar da wane reshe ba ne. Ƙyallen da Pawlina ta ɗaura masa ya daɗe da ruɓewa. Bai taɓa yin 'ya'ya ba, furen da ya yi bara ya zube saboda ban ba bishiyar ruwa ba lokacin zafi. A idona ganyen lemo duk ɗaya ne. Abin da nake tunawa shi ne ranar da suka yi aikin na leƙo na ga tsani jingine ta wajen ɗakin kaji, inda wani dogon reshe ya sunkuyo kan rufin. Na ce wannan ne.

Da na kira Charmaine na tambaye ta, da ta faɗa mini cikin minti ɗaya. Amma tambayar tana nufin in gaya mata cewa shekara uku ina zaune da reshen uwarta ban san shi ba. Blagoja ma ya sani, shi ya ara wa Pawlina wuƙar da ta yi aikin da ita. Na yi tunanin irin dariyar da zai yi mini har Kirsimeti, na fasa.

Ranar Asabar na ɗaura wa dogon reshen jan zare don kada hannuna ya kai gare shi ko da kuskure. Na bar shi da 'yan ƙullutunsa. Sannan na shiga ƙarƙashin bishiyar da almakashi da zarto, na yi ta datsa tun safe har rana ta karkata. Can wajen ƙarshe na ga wani ƙullutu da ya fi duka girma, a gindin wani reshe mai kaurin hannun tsintsiya, ta ɓangaren gida. Na ce ga uwar gayyar. Na sa zarto ƙasa da shi da faɗin yatsa huɗu, yadda ake yi. Na sassara reshen gunduwa-gunduwa don ya shiga leda.

Leda bakwai na cika. Na jera su a kan siminti inda rana ke faɗawa. Ranar Alhamis na cusa biyar a kwandon shara, motar ta zo ta kwashe. Biyu ba su shiga ba, na bar su sai mako mai zuwa.

Da yammacin ranar na kira Blagoja ya zo ya ga aiki, don in rufe masa baki. Ya shigo da sandarsa yana tsokanata, ya ce ashe ɗan Malta na iya ɗaga kai sama. Ya zagaya bishiyar sau ɗaya. Ya tsaya ta ɓangaren gida, ya sa babban yatsa a kan kututturen da na bari, ya daɗe yana shafa shi. Bai yi dariya ba.

"Salvu," ya ce, "ina reshen Pawlina?"

Na nuna masa jan zaren. Ya je ya tsinko ganye ɗaya daga can, ya murtsuke, ya kai mini hanci. Ƙamshin lemun tsami ne zalla. Ya ce wannan reshen ya girmi Charmaine. Ya ce abin da na yanke ba ƙullutun ƙwaro ba ne, gaɓar aure ce, wurin da sandar ta haɗu da bishiya ta warke, haka take kumbura.

Ban san lokacin da na zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ba.

Muka farke ledoji biyun da suka rage. Kwana biyar suna rana, ciki ya yi gumi, ganyen ya yi baƙi yana wari. Tsohon ya durƙusa da gwiwoyinsa marasa lafiya yana ɗaukar kowane guntu, ya kankare ɓawon da farce ya sunsuna. Kusan awa ɗaya muka yi. A ƙasan leda ta biyu ya sami guntu ɗaya, tsawonsa bai kai fensir ba, da idon toho uku a jikinsa. Ƙarƙashin ɓawon akwai sauran kore kaɗan. Sauran reshen yana cikin biyar ɗin da suka tafi.

Ya aike ni na ɗauko wuƙarsa. Ya tsaga kututturen, ya fere guntun, ya cusa, ya naɗe da leda, ya rufa masa jakar takarda. Ya ce lokaci bai yi ba, ruwan bishiya bai tashi ba, sandar kuma ta sha wuya. Sai bayan mako uku za a sani. Na tambaye shi ko zai kama. Ya ce shi ba zai yi mini ƙarya ba, ya taɓa ganin irinsa ya kama sau ɗaya.

Saura kwana goma Charmaine ta zo.

Kullum da safe kafin in tafi aiki sai in ɗaga jakar takardar in leƙa, duk da ya ce in bar ta. Na ɗauki waya ban san sau nawa ba. Duk lokacin sai in tuna likita ya ce kada a tayar mata da hankali, in tuna biyun da suka zube, in ajiye.

Ranar Laraba kafin zuwansu na tsaya wurin masu sayar da dashe, wai zan sayi taki. Ga su nan a jere, lemun zaƙi mai jan ciki, kowanne da takardarsa a wuya. Na daɗe a tsaye. Na ce a raina ai lemo lemo ne. Na ce wa zai bambance bayan shekara huɗu. Na ce ba don kaina zan yi ba, don cikin nan ne. Na sayi ɗaya na ɓoye a gareji bayan injin ciyawa. Na yanko sanduna huɗu daga jikinsa, na naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida, na sa a leda, na liƙa takarda na rubuta "Reshen Mama", na ajiye a firiji wurin kayan miya. Abin da na shirya faɗa shi ne iska ta karya reshen, amma na yi sauri na ceto waɗannan.

Da na gaya wa Blagoja ta kan shinge, ya dube ni ya ce shi bai ji ba, kuma in yarinyar ta tambaye shi ba zai taya ni ba. Ya ce tun tana rarrafe ya san ta. Ya shige gida, bai ma tsokane ni ba.

Ranar Lahadi na tashi da wuri na ɗora zomo. Ina yanka albasa na gane ba zan iya ba. Na yi ta gwada maganar iskar a bakina, ta ƙi zama. Na yanke shawara zan faɗa mata gaskiya, sandunan kuma in zubar. Na ce bari in gama da tukunya tukuna. Sai ruwan tumatir ya kama, sai na tuna ban share ƙofar gida ba, sai na ji motarsu. Sun zo da wuri da kusan awa guda.

Ta yi nauyi, tana tafiya da hannu ɗaya a ƙugu. Ta sumbace ni a kunci ta ce na rame. Declan na biye da tukunyar dashen da kwalin pastizzi, 'yar gurasar Malta mai cuku a ciki, yana cewa ciyawata ta fi ta filin ƙwallo, zai kwana a kai. Ba ta ko zauna ba, ta wuce wurin bishiyar kai tsaye, da sabuwar wuƙar auren dashe a hannunta.

Na bi ta. Ta tsaya a gaban kututturen da jakar takarda a kai. Kafin ta juyo na fara magana, na faɗa mata duka: ƙullutun, jan zaren, ledoji biyar, guntun da Blagoja ya ɗaura. Na ce mata ban san reshen ba, kuma kunya ce ta hana ni tambaya.

Ta yi kuka, irin wanda ba ya da sauti. Na tsaya ina kallon cikinta, ina jiran abin da ban sani ba. Can ta share fuska, ta ɗaga jakar a hankali ta duba guntun, ta mayar.

"Da ka tambaye ni, Baba," ta ce. "Ai na san ba ka sani ba. Mama ma ta sani. Har dariya muke yi maka."

Ta ce tun da ido uku ne, wataƙila ɗaya ya tashi. Ta ce in ya tashi sai ta dawo baɗi da jariri. Sannan ta jingina kanta a kafaɗata, abin da ba ta yi ba tun ranar jana'iza. Na ji ƙamshin man gashinta. Na ɗauka shi ke nan, an wuce.

Ta ce ƙishirwa take ji, na ce ta zauna in kawo, ta ce ai ta san hanyar firijin gidan ubanta. Sai da ƙofar kicin ta rufe a bayanta na tuna.

Da na shiga tana tsaye, ledar a hannunta, ta warware jaridar. Sanduna huɗu, ɗanyu shar, yankan kwana huɗu. Ta karanta rubutuna, ta dube ni.

"Ka ce guntu ɗaya kuka samu."

Na ce haka ne.

"To waɗannan fa?"

Na ce na fasa, da safen nan na fasa, zubarwa zan yi. Na ce saboda cikin ne. Na ce tsoro na ji. Duk gaskiya ne, amma ina jin yadda suke fita daga bakina kamar abin da aka shirya. Ta tambaye ni daga ina suke, na ce daga gareji. Declan ya je ya dubo, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Da zan ɗauka in kai gida," ta ce. "In ɗaura, in yi ta ba shi ruwa, in nuna wa ɗana in ce na kakarka ne. Kai kuma ka zo ka ci, ka ce da daɗi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe sandunan yadda ta same su, ta ajiye a kan tebur. Ta ce wa Declan bayanta na ciwo, su tafi. Ya ɗauki tukunyar dashen ya mayar mota. Na bi su har titi ina cewa ko zomon ne su tafi da shi. Declan ya karɓa don kada in tsaya da tukunya a hannu. Ita ta riga ta ɗaura bel tana kallon gaba.

Mako biyu bayan nan Blagoja ya shigo ya cire jakar takardar. Guntun ya yanƙwane. Ya kankare da farce daga sama har ƙasa, babu kore ko kaɗan. Ya zare shi ya miƙo mini. Sauran bishiyar kuwa ta yi toho ja-ja ko'ina, har da kututturen, yana fitar da ganyen lemun tsami.

Na shiga gida na kira ta nan take, kafin in sami lokacin yin tunani. Ta ɗauka a ƙara na biyar. Na ce mata bai kama ba. Na ce Blagoja ya duba yanzun nan, ya bushe.

Ina jin rediyo a bayanta. Ta ce ta gode da na gaya mata. Na tambayi jikinta, ta ce da sauƙi. Na tambaya ko in zo ranar Asabar in yanke musu ciyawa, tun da Declan ba shi da lokaci. Ta ce sun sami mai yi.

"In lokacin haihuwa ya yi, Declan zai kira ka, Baba," ta ce.

Na ce to. Na ce ta riƙa ɗaga ƙafafunta in ta zauna. Ta ce za ta yi, ta kashe wayar.